Gano abin da ke cinye memori a manhajar Java: jagora da jcmd da Eclipse MAT

Manhajar Java takan yi kwanaki tana aiki lafiya ƙalau, sannan ta fara nauyi, mai kwashe shara, wato sashen Java da ke share abubuwan da aka daina amfani da su daga memori, ya shiga kai da kawo ba hutu, daga ƙarshe ta faɗi da saƙon `java.lang.OutOfMemoryError: Java heap space`. Abin da aka fi yi a nan shi ne a ƙara adadin `-Xmx`, wato iyakar memorin da aka ware wa abubuwan da manhajar ke ƙirƙira, a sake kunna ta. Idan memorin ne dama ya yi mata kaɗan, shi ke nan an warke. Idan kuwa yoyo ne, wato wasu abubuwa na taruwa ba a sakin su, to faɗuwar kawai aka ɗage zuwa wata rana. Ba za ka san wanne ne ke damunka ba sai ka leƙa cikin tsibin memorin, inda Java ke jibge duk wani objek da manhaja ta ƙirƙira.

Tambayar da za ka shiga da ita tana da muhimmanci. Mutane da yawa suna shiga da "mene ne ya fi girma?", su fito da amsar da ba ta amfane su da komai ba. Tambayar da ke kai mutum ga gyara ita ce: wa ke riƙe da wannan kaya, kuma me ya hana shi saki?

## Ka fara tabbatar da cewa a tsibi matsalar take

Kafin ka ɗauki hoton komai, wato kwafin abin da ke cikin tsibin, nemi lambar da tsarin kwamfuta ya ba manhajar (PID) da umarnin `jcmd` shi kaɗai ba tare da ƙarin komai ba, ko da `jps -l`. A ce lambar 4312 ce. Sai ka sa mata ido:

```
jstat -gcutil 4312 5000
```

Wannan zai riƙa fitar da layi ɗaya duk bayan daƙiƙa 5. Ginshiƙin `O` yana nuna kashi nawa cikin ɗari na sashen tsofaffin abubuwa ya cika, `FGC` kuma yana ƙirga sau nawa aka yi cikakkiyar shara. Hawa da saukar `O` ba abin damuwa ba ne, haka lafiyayyar manhaja take. Abin dubawa shi ne inda yake sauka bayan kowace babbar shara. Idan yau ya sauka zuwa 40, gobe 55, jibi 70, alhali yawan aikin bai canja ba, akwai abin da ke taruwa.

Idan kuma `O` yana nan daram amma memorin da tsarin kwamfutar ke nunawa yana ta hawa, kada ka ɓata lokaci da hoton tsibi. Memorin `DirectByteBuffer`, da wurin ajiye bayanan azuzuwa (class, wato nau'o'in objek), da memorin da kowane zaren aiki (thread) ke riƙewa don kansa, duk a wajen tsibi suke. Waɗannan sai ka kunna manhajar da `-XX:NativeMemoryTracking=summary`, ka tambaye ta da `jcmd 4312 VM.native_memory summary`.

## Ɗaukar hoton

Hoton tsibi fayil ne mai ƙarewa da `.hprof`, ɗauke da kowane objek da ke cikin memori a daidai wannan lokaci, da abin da ke cikinsa, da wanda yake nuna wa. Ga umarnin:

```
jcmd 4312 GC.heap_dump /data/hoto1.hprof
```

Tsohuwar hanyar ma tana nan: `jmap -dump:live,format=b,file=/data/hoto1.hprof 4312`. Dukkansu suna sa a yi cikakkiyar shara tukuna, don abin da zai shiga fayil ya zama mai rai ne kaɗai. In kana son har da matattun abubuwan da ba a kwashe ba, ƙara `-all` a umarnin `jcmd`.

Akwai abubuwan da ya kamata ka sani kafin ka danna. Manhajar za ta tsaya cak yayin ɗaukar hoton, kuma a babban tsibi tsayuwar na iya daɗewa har abin da ke duba lafiyar saba ya ɗauka ta mutu ya kashe ta. Don haka ka cire wannan saba daga layin masu karɓar buƙatu tukuna in da hali. Girman fayil ɗin zai yi kusa da girman abin da ke cikin tsibin, saboda haka ka duba faifai yana da wuri; daga Java 15 zuwa sama kana iya ƙara `-gz=1` a matse shi yayin rubutawa. Dole ka ba da umarnin da sunan mai amfanin da ya kunna manhajar, in ba haka ba `jcmd` ba zai iya haɗuwa da ita ba. Sannan manhajar ce da kanta ke rubuta fayil ɗin, ke nan idan a cikin kwantenar Docker take, hanyar da ka ba da ta cikin kwantenar ce.

A ganina ma kowace manhajar Java da ke aiki a saba ya kamata a kunna ta da waɗannan tun ranar farko:

```
-XX:+HeapDumpOnOutOfMemoryError -XX:HeapDumpPath=/data/hotuna
```

Ba sa cin komai sai ranar da abin ya faru, kuma a ranar za su ba ka hoto mafi daraja, na daidai lokacin faɗuwa. Sunan fayil ɗin yakan zama `java_pid4312.hprof`. A nan akwai wani tarko: Java ba ta rubutawa a kan fayil da ke nan, kuma a cikin kwantena lambar manhaja sau da yawa 1 ce kullum, don haka tsohon `java_pid1.hprof` zai hana sabon fitowa. Ka riƙa kwashe tsofaffin. Haka nan idan tsarin Linux ne ya kashe kwantenar saboda ta wuce iyakarta, ba za a samu hoto ba sam, domin Java ba ta samu damar cewa uffan ba.

Abu ɗaya da ba na so ka ɗauka da wasa: wannan fayil yana ɗauke da duk abin da ke cikin memori, har da kalmomin sirri, da makullan shiga, da bayanan mutanen da ke amfani da manhajar. Ka riƙe shi kamar yadda za ka riƙe kwafin rumbun bayananku.

## Ƙididdigar azuzuwa, da dalilin da ya sa ba ta isa ba

Akwai duba na gaggawa da ba ya buƙatar fayil:

```
jcmd 4312 GC.class_histogram
```

Zai jero azuzuwa daga mai cin memori da yawa zuwa ƙasa, da yawan objek na kowanne da jimillar bayit ɗinsu. Kusan kullum abin da za ka gani a sama shi ne `[B`, sai `java.lang.String`, sai `[Ljava.lang.Object;`, sai `java.util.HashMap$Node`. `[B` jerin bayit ne, daga Java 9 zuwa yau a cikinsa `String` ke ajiye haruffansa, a Java 8 kuwa `[C` za ka gani a wurin. To an ce maka jerin bayit ne suka cinye rabin tsibi. Sai me? Kowace manhajar Java a duniya haka take. Amfanin wannan jeri shi ne ka gangara ƙasa kaɗan ka nemi azuzuwan da ku kuka rubuta. In ka ga ajinku na `Session` yana da objek miliyan biyu alhali masu amfani ba su wuce dubu biyar a lokaci guda ba, ka samu bakin zaren.

Dalilin gazawar jerin shi ne nauyin da yake aunawa. Kowane objek yana da nauyi iri biyu. Na farko nauyin jikinsa shi kaɗai, wanda MAT (Eclipse Memory Analyzer, manhajar buɗe hoton tsibi) ke rubutawa a ginshiƙin `Shallow Heap`. Na biyu nauyin riƙonsa, a ginshiƙin `Retained Heap`: jimillar memorin da za a samu da a ce an kawar da wannan objek, wato shi da duk abin da ba wanda ke riƙe da shi sai ta hanyarsa. Kamar igiyar da ta ɗaure kaya ne, ita ba ta da wani nauyi, amma ita ta hana kayan watsewa.

Bari mu yi lissafi a gani. A Java mai bit 64 da tsibin da bai kai gigabayit 32 ba, jikin `HashMap` guda bayit 48 ne, ko da kaya ko babu. Zuba masa abubuwa 2,000,000. Kowanne zai samu `HashMap$Node` nasa mai bayit 32, ke nan kusan megabayit 64. Teburin cikinsa yana ninkawa duk lokacin da ya cika kashi 75 cikin ɗari, don haka zai kai gurabe 4,194,304, kowanne bayit 4, wato wasu megabayit 16. Ba a ma fara ƙirga makullai da ainihin kayan da aka ajiye ba. In kowane kaya yana jan kilobayit ɗaya a bayansa, ga gigabayit biyu nan rataye a jikin objek mai bayit 48. A ƙididdigar azuzuwa wannan `HashMap` ba zai taɓa fitowa a sama ba, alhali shi ne mai laifin.

## Buɗe hoton a Eclipse MAT

Eclipse Memory Analyzer kyauta ne, kuma yana zuwa a matsayin manhaja mai zaman kanta, ba sai kana amfani da Eclipse wajen rubuta lamba (code) ba. Kafin ka buɗe babban hoto, gyara fayil ɗin `MemoryAnalyzer.ini`. Yana zuwa da `-Xmx1024m`, wanda ba zai ɗauki hoto mai gigabayit da yawa ba. Ɗaga shi gwargwadon ƙarfin kwamfutarka. Buɗewar farko tana ɗaukar lokaci saboda yana gina fayilolin fihirisa a gefen hoton, amma buɗewa ta gaba nan take ce muddin ba ka goge su ba.

Idan hoton ya fi ƙarfin kwamfutarka, yi aikin nauyin a wata babbar na'ura da rubutun da ke cikin jakar MAT:

```
./ParseHeapDump.sh /data/hoto1.hprof org.eclipse.mat.api:suspects org.eclipse.mat.api:overview
```

Zai gina fihirisar ya kuma fitar da rahotanni. Sai ka kwaso hoton tare da fihirisarsa, ka buɗe a wurinka da memori kaɗan.

Da ka buɗe zai tambaye ka ko kana son `Leak Suspects Report`. Karɓa, ka karanta. Idan objek guda ne ya mamaye rabin tsibi, rahoton yakan nuna shi kai tsaye, har da wurin da kayan suka taru. Amma zargi ne kawai yake yi bisa girma. Bai san manhajarka ba, bai san ma'ajiyar wucin gadin da kuka gina da gangan ba. Ka ɗauke shi a matsayin wurin farawa.

Wani abu da ke rikita sababbi: jimillar da MAT ke nunawa takan yi ƙasa da girman fayil ɗin. Dalili shi ne yana jefar da matattun abubuwan da ba mai riƙe da su lokacin gina fihirisa. Ga neman yoyo hakan daidai ne.

## Bishiyar masu riƙo

Nan ne ainihin aikin yake. Danna `Dominator Tree`. Ƙa'idarta ɗaya ce: objek A yana saman B a bishiyar idan duk wata hanya da za a bi a kai ga B sai ta ratsa ta A. Ke nan in A ya tafi, B ma ya tafi. Jera ta bisa `Retained Heap` daga babba zuwa ƙarami, ka dubi layukan farko da ginshiƙin `Percentage`.

Ɗauki na sama ka buɗe shi, ka buɗe babban ɗansa, ka ci gaba da gangarawa. Idonka na kan lambar nauyin riƙo. A ce ka ga haka: ajinku `TokenRegistry` yana riƙe da megabayit 1,900, a ƙarƙashinsa `ConcurrentHashMap` mai 1,899, a ƙarƙashin wannan jerin `Node[]` mai 1,898, sai kuma kwatsam 'ya'yan jerin, kowanne bai wuce kilobayit ɗaya ba, amma MAT na ce maka akwai sauran miliyan ɗaya da ɗoriya da bai nuna ba. Inda nauyi ya faɗo daga babba guda zuwa ƙanana barjat, nan ne matattarar. Sunan da kake nema yana mataki ɗaya ko biyu sama da ita: aji na farko da ku kuka rubuta, ko na wani ɗakin karatun lamba da kuka jawo, ba na `java.util` ba.

Kada ka tsaya a nan, buɗe uku ko huɗu daga cikin ƙananan ka ga me ke ciki. Tagar `Inspector` ta gefe tana nuna darajar kowane fili. In ka tarar da makullan shiga da ranar ƙarewarsu ta wuce da makonni, ai magana ta ƙare: ana sakawa, ba a cirewa. Wannan leƙen na minti biyu yakan fi duk wani rahoto faɗin gaskiya.

Wani lokaci bishiyar takan fito a baje, ba wani babba a sama, sai dubban ƙanana. Wannan ba ya nufin babu matsala. A saman tagar akwai maɓallin tara sakamako. Zaɓi tarawa bisa aji. Yanzu objek dubu hamsin masu kilobayit 30 kowanne za su haɗu a layi ɗaya mai gigabayit ɗaya da rabi. Tarawa bisa mai loda azuzuwa kuma ita ke tona asirin sabar da ake sake ɗora manhaja a kanta ba tare da kashe ta ba: za ka ga kwafi biyar na manhaja guda, tsofaffin sun ƙi tafiya.

Akwai kuma dalili na biyu da ke baje bishiya, kuma shi ya fi wuyar ganewa. Idan abubuwa biyu suna riƙe da kaya guda, misali `HashMap` ɗaya bisa lamba da wani bisa suna, dukkansu suna nuna wa objek iri ɗaya, to ba ɗayansu da ke saman kayan a bishiya, domin in ka cire ɗaya, ɗayan yana nan riƙe. Nauyin riƙon kowannensu zai fito ƙarami, kayan kuma su haura sama su tsaya a ƙarƙashin wanda ya haɗa su biyun, ko ma a tushen bishiyar. In ka yi zargin haka, zaɓi su biyun tare, danna dama, ka nemi `Show Retained Set`. Zai nuna maka abin da za a samu in an saki dukkansu a lokaci guda.

## Wa ya hana a kwashe shi?

Ka san mai riƙo, saura ka san abin da ya raya shi kansa. Mai kwashe shara ba ya taɓa duk abin da za a iya kai wa gare shi daga wasu tushe: zaren aiki mai rai da abubuwan da ke hannunsa, azuzuwan da tsarin ya loda tare da filayensu na `static`, da abin da lambar waje ta riƙe ta JNI, hanyar da Java ke haɗuwa da lambar da ba tata ba. Danna dama a kan objek ɗin, zaɓi `Path To GC Roots`, sannan zaɓin da ke cire riƙon `weak` da `soft` da `phantom`. Cirewar tana da muhimmanci, domin irin waɗannan riƙo ba su ke kai manhaja ga faɗuwa ba. Java tana sakin na `soft` kafin ta yarda ta ce memori ya ƙare. In kana duba objek da yawa na aji guda, `Merge Shortest Paths to GC Roots` zai haɗa hanyoyinsu ya nuna maka wadda mafi yawansu suka bi.

Abin da za ka tarar a ƙarshen hanyar shi zai gaya maka irin gyaran. Idan filin `static` ne, to ma'ajiya ce marar iyaka ko jerin masu sauraro da ake yi wa rajista ba a sokewa. Idan zaren aiki ne ta hanyar `ThreadLocalMap`, wani ya saka abu a `ThreadLocal` bai kira `remove()` ba, zaren kuma na cikin rukunin da ake sake amfani da su ne, ba ya mutuwa. Idan kuma abin yana hannun wani aiki ne da ke gudana a lokacin, wataƙila ba yoyo ba ne ko kaɗan: buƙata guda ce ta jawo layuka miliyan daga rumbun bayanai a tashi ɗaya. Buɗe `Thread Overview` ka ga jerin kiran wannan zare, zai kai ka har layin lambar. Maganin wannan shi ne karanta bayanai kashi-kashi, kuma ba ya kama da maganin yoyo ko kusa.

Idan kana da takamaiman zargi, MAT yana da harshen tambaya mai kama da SQL, sunansa OQL:

```
SELECT m, m.size, m.@retainedHeapSize FROM java.util.HashMap m WHERE m.size > 100000
```

Wannan zai fito da duk `HashMap` da ya haura abubuwa 100,000 tare da nauyin riƙonsa.

## Idan ba yoyo ba ne, almubazzaranci ne

Wani lokaci komai yana da hujjar zama, sai dai an ajiye shi ta hanya mai tsada. A ƙarƙashin `Java Collections` akwai `Collection Fill Ratio`, mai nuna jerin da aka ware musu wuri da yawa amma kusan fanko suke. `ArrayList` yana ƙara rabin girmansa duk lokacin da ya cika, kuma `clear()` ba ya mayar da jerin cikinsa ƙarami, sai an kira `trimToSize()`. A `Java Basics` kuma `Group By Value` a kan `String` zai nuna maka rubutu guda da aka maimaita sau dubu ɗaruruwa. Ga wannan, `-XX:+UseStringDeduplication` yana rage asarar ba tare da taɓa lamba ba.

## Hoto na biyu

Hoto guda yana gaya maka abin da ke da girma, amma bai isa ya tabbatar da abin da ke girma ba. Ɗauki na biyu bayan sa'o'i kaɗan na aiki iri ɗaya, daga manhajar da ba a sake kunnawa ba. Buɗe su duka, shiga `Histogram` na sabon, ka danna maɓallin kwatanta shi da wani hoton. Za ka ga ƙari ko ragin kowane aji. Kwatancen bisa aji ake yi, domin adireshin objek yana canjawa duk lokacin da mai kwashe shara ya matsar da shi. Ma'ajiyar da ke da megabayit 800 a hotunan biyu tana da iyaka, ƙyale ta. Wadda ta tashi daga 90 zuwa 240 ita ce abar bi, ko da ba ita ce ta ɗaya a jeri ba.

Bayan ka yi gyara, ko ka sa wa ma'ajiyar iyaka da wa'adin ƙarewa, ko ka ƙara `remove()` a cikin `finally`, maimaita irin aikin da ya jawo matsalar, ka koma kan `jstat` ka ga ko `O` yana sauka wuri guda bayan kowace babbar shara. Ɗauki hoto na uku ka nemi ajin nan da sunansa a `Histogram`, ka tabbatar yawansa ya yi daidai da yawan aikin da ake yi. In ya yi, goge hotunan duka tare da fayilolin fihirisarsu daga sabar da kuma kwamfutarka, domin bayanan mutane na nan cikinsu.